Audugar Dutse Daga Lakar Zarto: Bayani a Kan Sarrafa Sharar Masu Yankan Dutse

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin kafinta yana yankan katako ya ga yadda gari yake zuba a ƙarƙashin zarto. Garin nan jikin katakon ne, wanda zarto ya ci domin ya sami hanyar wucewa. To, haka al'amarin yake ga dutse. Fallayen dutsen nan masu sheƙi da ake shimfiɗawa a daɓen masallatai da bankuna da manyan gidaje, kowannensu daga jikin wani ƙaton curi aka yanko shi, kuma tsakanin kowane falle da ɗan'uwansa akwai wani rabo na dutse da ya zama gari, ya gauraya da ruwa, ya koma laka. A garuruwan da wannan sana'a ta kafu, lakar nan ta zama babbar wahala ga ƙasar noma da koguna da huhun mutane.

Manufar wannan takarda ita ce a bayyana wata hanya da masana suka gwada ta amfani da lakar, watau a narka ta a kaɗe ta ta zama wani abu mai kama da auduga, wanda ake sakawa a rufi da bangon gini domin ya tare zafi. Za mu ɗauki ƙasar Barazil ta zama misalinmu, gama can ne aka yi sanannen bincike a kan wannan batu. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne wannan: tanderu ba ya tambayar inda dutse ya fito, abin da ke cikinsa kaɗai ya sani. Saboda haka nasarar aikin duka ta rataya ne a kan sanin abin da ke cikin lakar, da rarrabe ta tun daga bakin zarto.

1. Kalmomin da za mu yi aiki da su

Kafin mu shiga bayani, wajibi ne mu daidaita sunayen duwatsu uku, domin a kansu maganar za ta yi ta juyawa.

Na farko shi ne giranit, dutse mai tauri ƙwarai, mai ɗigo-ɗigon fari da baƙi ko ja. Irinsa ne Dutsen Kufena na Zariya da Dutsen Kwatarkwashi. Na biyu shi ne mabul, wanda asalinsa dutsen farar ƙasa ne da zafi da nauyin ƙasa suka sāke wa kama. Ana haƙarsa a Jakura ta jihar Kogi da Igbeti ta jihar Oyo. A nan sai malamai su yi hattara. Waɗansu masu fassara sukan kira shi marmara, suna bin kalmar Larabci, alhali kuwa marmara a bakin Bahaushe ita ce jan dutsen nan mai ramuka da masu haƙar rijiya suke tararwa. Domin kauce wa rikitarwa muka zaɓi mabul, yadda magina suke faɗi. Na uku shi ne basalti, baƙin dutse mai nauyi wanda ya daskare daga narkakken aman dutse mai aman wuta. Akwai shi a tsaunukan Jos da na Biu.

Abin da ake yi da narkakken dutsen kuma mun kira shi audugar dutse. Turawa ulu suke kwatanta shi da shi, don su masu kiwon tumaki masu gashi ne. Mu kuwa auduga muka sani, kuma wanda ya ga abin da idonsa zai ce auduga ce da aka shiɓe. Dattin da yake tasowa a kan ƙarfe in ana narka tama, shi ma yana da suna tun da daɗewa a Hausa, watau kashin maƙera, kuma da wannan suna za mu kira na manyan masana'antun ƙarfe.

2. Inda lakar take fitowa

Jihar Espírito Santo, a gabashin Barazil, ita ce cibiyar sana'ar dutsen ado ta ƙasar, kuma daga cikinta ne mafi yawan abin da Barazil take sayarwa ƙasashen waje yake fita. A kudancin jihar akwai garin Cachoeiro de Itapemirim, inda ake haƙar mabul, kuma nan ne masana'antun yanka suka fi taruwa. A arewacinta kuwa giranit ake haƙa.

Daga mahaƙa ana kawo dutse curi-curi, kowane curi tsawonsa wajen mita 3, nauyinsa tan 20 zuwa 30. A masana'anta sai a tsaga shi fallaye masu kaurin santimita 2 ko 3. Tsohuwar hanyar tsaga giranit ita ce a jera dogayen wuƙaƙen ƙarfe masu yawa cikin firam ɗaya, suna kai da komowa a kan curin, ana kwarara musu wani kunu na ruwa da farar ƙasa da tsakin baƙin ƙarfe. Tsakin ƙarfen ne yake cin dutsen, wuƙaƙen tura shi kawai suke yi. Sabuwar hanya, wadda ta yaɗu ƙwarai a Barazil tun bayan shekarar 2010, ita ce ta wayoyi masu ƙwayoyin daimon, waɗanda ruwa zalla suke bukata. Wannan bambanci zai yi mana amfani nan gaba, domin lakar tsohuwar hanya tana ɗauke da ƙarfe da farar ƙasa, ta sabuwar kuwa kusan garin dutse ne tsantsa.

Lissafin asarar ba shi da wuya. In kaurin falle milimita 20 ne, tsagar da zarto ya ci kuma wajen milimita 7, to, cikin kowace milimita 27 ta curin, 7 sun zama gari. Wannan ya ɗara rubu'i kaɗan. Watau curi mai tan 24 yakan bar wajen tan 6 na gari, ban da ruwan da ya gauraya da shi, ban da kuma abin da ake gogewa wajen sa wa fallayen sheƙi.

Wannan matsala ba ta Barazil kaɗai ba ce. A Carrara ta ƙasar Italiya, lakar mabul takan mai da ruwan koguna fari kamar nono bayan an yi ruwan sama. A Kishangarh ta jihar Rajastan a Indiya, filin da ake zubar da ita ya yi fari fat har baƙi suna zuwa ɗaukar hoto. Inda duk lakar ta kwanta takan toshe ƙofofin ƙasa, ruwa ya kasa shiga, tsiro ya kasa fita. In ta bushe kuma iska ta kwashe ta. Ƙurar giranit ta fi haɗari, gama tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin ƙanƙarar dutse, waɗanda in sun taru a huhu suke jawo cutar silikosis, cutar da ba ta warkewa.

3. Yadda audugar dutse take tare zafi

Abin mamaki a nan shi ne, dutse kansa ba ya tare zafi da kyau. Wanda ya taka fā da rana tsaka ba takalmi ya san haka. Masana suna da ma'aunin saurin da zafi yake ratsa kowane abu. A wannan ma'auni giranit yana wajen 3, iskar da take tsaye cik tana 0.026, audugar dutse kuwa tana tsakanin 0.035 da 0.040. Ashe zafi yana ratsa giranit kusan sau tamanin fiye da yadda yake ratsa audugar da aka yi da dutse.

Dalili kuwa shi ne, audugar galibinta iska ce. Fiye da kashi 90 cikin 100 na girmanta iska ce da ta maƙale tsakanin zaruruwa, ba ta da hanyar yawo balle ta ɗauki zafi daga wannan gefe ta kai wancan. Aikin zaren dutse shi ne ya tsare iskar wuri ɗaya. Wannan ita ce hikimar da take cikin jinkar ciyawa da bargo da rigar sanyi. Fifikon audugar dutse a kansu shi ne ba ta cin wuta, gara ba ta cinta, ba ta ruɓewa, kuma mai kyau daga cikinta takan jure zafin da ya wuce digiri 1,000 na ma'aunin santigired ba ta narke ba. Tana kuma rage ƙara. A ƙasashen sanyi ɗumin ɗaki take hanawa fita, a ƙasashen zafi kuwa zafin kwano take hanawa sauka, aikin dai ɗaya ne.

Malami yana iya nuna wa ɗalibai wannan da gwangwani uku na ruwan zafi. A naɗe ɗaya da auduga sakwa-sakwa, na biyu da auduga mai nauyi ɗaya amma an matse ta tam da zare, na uku a bar shi tsirara. Bayan rabin sa'a a auna zafin kowanne. Za a tarar mai sakwa-sakwar auduga ya fi riƙe zafinsa, ko da yake audugar da ke jikin na biyu ba ta gaza tasa nauyi ba.

4. Taƙaitaccen tarihi

Tun kafin mutum ya ƙago wannan sana'a akwai misalinta a halitta. A tsibiran Hawai, in dutse mai aman wuta ya watsa narkakken dutse sama, iska takan ja ɗigon ya zama siraran zaruruwa masu ruwan zinariya. Mutanen wurin suna kiransu gashin Pele, da sunan wata abar bautarsu ta gargajiya.

A masana'anta kuwa da shara aka fara. A shekarar 1840 wani mutum mai suna Edward Parry ya yi auduga da kashin maƙera a ƙasar Wels, amma zaruruwan suka riƙa tashi cikin iska suna cutar ma'aikata, har aka bar aikin. A 1871 aka soma yinta don sayarwa a masana'antar ƙarfe ta Georgsmarienhütte, kusa da Osnabrück a Jamus, ta hanyar busa tururi ko iska mai ƙarfi a kan narkakken kashin maƙera yana zuba. A 1897 Charles Hall ya yi ta da dutse a garin Alexandria na jihar Indiyana a Amurka. A 1937 kuma kamfanin Rockwool ya fara yinta a Hedehusene ta ƙasar Danmak. Daga baya basalti da danginsa suka zama su ne ginshiƙin sana'ar. Saboda haka mai neman a yi audugar da lakar zarto bai kawo baƙon abu ba, sana'ar ce yake so ya mayar inda ta faro.

5. Yadda ake yinta a yau

Aikin yana da matakai huɗu. Da fari ana zuba gutsattsarin dutse da gawayin kwal cikin wani dogon tanderu mai kama da rumbu, ana hura iska mai zafi ta ƙasa, har dutsen ya narke a wajen digiri 1,500. Waɗansu masana'antu da wutar lantarki suke narkawa. Na biyu, narkakken dutsen yana kwararowa a kan waɗansu ƙafafun ƙarfe, galibi huɗu, masu juyawa sau dubbai a minti ɗaya. Juyawar tana watsa ɗigo, kowane ɗigo yana jan wutsiya a bayansa, iska mai ƙarfi kuma tana miƙar da wutsiyar ta zama zare. Kaurin zaren bai wuce kashi 3 zuwa 6 cikin 1,000 na milimita ba, watau gashin kan mutum ya fi shi kauri sau goma ko fiye. Na uku, ana fesa wa zaruruwan ɗan danƙo da ɗan mai, a tara su shimfiɗa a kan shimfiɗa. Na huɗu, a danne su gwargwadon kaurin da ake so, a gasa a zafin digiri 200 zuwa 250 domin danƙon ya kama, sa'an nan a yanka.

Akwai abu guda da ya kamata a lura da shi. Zaren yana hucewa ne cikin ƙiftawar ido, saboda haka abubuwan da ke cikinsa ba su samun sukunin jeruwa su koma ƙwayoyin dutse kamar dā. Abin da ake samu gilashi ne. Ƙanƙarar dutsen nan mai cutar huhu, in ta narke sarai cikin tanderu, ta rabu da siffarta ta farko ke nan.

6. Abin da tanderu yake bukata

Mai yin alewa ya san cewa maɗi yana da wani lokaci da yake jawuwa. In ya cika ruwa sai ya tsinke ya ɗiga, in ya cika kauri kuma ya ƙi miƙewa. Narkakken dutse ma haka yake, sai dai abin da yake daidaita kaurinsa shi ne zafi da kuma irin sinadaran da ke cikinsa.

Sinadaran sun kasu gida biyu. Gida na farko su ne silika, wadda ita ce jikin farin yashi, da alumina, wadda take da yawa cikin yumɓu. Su ne ƙashin bayan zare, amma suna sa narkakken dutse ya yi kauri da danƙo, kuma suna da wuyar narkewa: silika tsantsa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700. Gida na biyu su ne laim, watau abin da yake saura in an ƙona dutsen farar ƙasa, da 'yar'uwarsa magnesiya. Su ne suke tsinka kaurin, su sauƙaƙa narkewa. Masu sana'ar sukan raba nauyin gida na farko da nauyin gida na biyu, abin da ya fito su kira shi ma'aunin tsami. Audugar dutse mai kyau takan faɗa wajen 1.5 zuwa 2 ko sama kaɗan. In ya yi ƙasa ainun zaren yakan yi gautsi, danshi kuma ya ci shi. In ya yi sama ainun dutsen ba zai kaɗu ba.

Basalti ya sami karɓuwa ne don Allah ya halicce shi kusa da wannan ma'auni. Silikarsa kashi 45 zuwa 52 ce cikin 100, yana da laim da magnesiya da ƙarfe gwargwado, gyara kaɗan yake bukata. Giranit fa? A matsakaici yana da silika kashi 72, alumina 14, laim da magnesiya a haɗe ba su wuce biyu da rabi ba. In an raba 86 da biyu da rabi za a sami fiye da 30. Narkakkensa ya fi ƙarfin kaɗi nesa ba kusa ba. Mabul kuwa akasin haka ne. Kusan ba shi da silika, kuma in an ƙona kilo 100 na tsantsarsa, kilo 44 suna tashi su zama iskar kabon, a bar kilo 56 na laim, wanda shi kaɗai ba ya zama gilashi.

To, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da giranit ya rasa shi ne mabul yake da shi. Ga misali da alƙalami. A ɗauki kilo 100 na busasshen garin giranit, a haɗa da kilo 80 na garin mabul. Gida na farko yana nan a 86. Mabul ya kawo laim wajen kilo 45, a tara da biyu da rabi na giranit, ya zama 47 da ɗoriya. In an raba 86 da wannan za a sami 1.8, wanda yake tsakiyar abin da ake nema. Cikin kilo 180 da aka zuba, wajen 35 za su tashi iska, a sami narkakken dutse wajen kilo 145. Wannan lissafin farko ne kawai, gama akwai sauran sinadarai da ake dubawa, amma ya isa ya nuna tushen dabarar.

Ƙarfe ma yana da nasa aiki. Shi ne yake taimakon zaren ya riƙe siffarsa cikin gobara, domin yana sa gilashin ya koma ƙwayoyi masu jure wuta kafin ya yi laushi ya zube. Giranit ba shi da ƙarfe da yawa kamar basalti, amma lakar tsohon zarto ta zo da nata daga tsakin ƙarfen da ya lalace cikinta. Abin da ya ɓata lakar ga mai yin farin tangaran, shi ne ya gyara ta ga mai yin auduga.

A kan wannan tushe masana na Barazil suka yi gwaje-gwajensu. A 2015 Joner Alves da Denise Espinosa da Jorge Tenório suka buga sakamakon wani bincike da ya shafi Jami'ar Sao Paulo, inda suka narka lakar giranit tare da kashin maƙera na masana'antar ƙarfe, suka nuna ana iya samun abu mai sinadarai irin na audugar kasuwa, shara kuma ta maye gurbin babban rabo na sabon dutse. An kuma yi irin wannan gwaji da lakar mabul. Zaɓen kashin maƙera yana da dalili: yana da laim mai yawa wanda an riga an ƙona, saboda haka ba ya fitar da iskar kabon kamar mabul, ba ya kuma cin wutar da ƙona mabul yake ci. Ga shi kuwa akwai babbar masana'antar ƙarfe a Tubarão, kusa da Vitória babban birnin Espírito Santo, watau sharar biyu a jiha ɗaya suke.

7. Abubuwan da suke tsakanin ɗakin gwaji da masana'anta

Gwaje-gwajen da muka ambata a ƙananan tanderun ɗakin bincike aka yi su. Kafin abin ya zama sana'a akwai wahaloli huɗu, gama banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ta farko ita ce ruwa. Laka jiƙaƙƙiya take fitowa, ko an matse ta da injin matsa takan riƙe ruwa mai yawa. Zafin da ake bukata a mai da kilo ɗaya na tafasasshen ruwa tururi ya fi sau biyar na wanda ake bukata a ɗauko shi daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Kowane tan na laka mai rubu'in ruwa yana da kilo 250 da za a biya kuɗin ɗaukarsu a mota, a kuma biya kuɗin ƙone su. Shanya a rana tana rage wannan, amma tana bukatar fili da rumfa, da kuma tsare ƙura.

Ta biyu ita ce laushi. Dogon tanderu yana aiki ne don iska tana ratsawa tsakanin gutsattsarin dutse. In an zuba gari sai ya toshe hanyar iskar, ko kuwa iskar ta kwashe shi ta fitar ta bututun hayaƙi. Maganin wannan shi ne a cura garin da siminti ya zama ƙananan tubala. Masana'antun audugar sun riga sun saba da haka, don ta wannan hanya suke mayar da ragowar audugarsu cikin tanderu. Sai dai siminti kuɗi ne, kuma yana ɗauke da farar wuta, wadda take fita cikin hayaƙi, tilas a tace ta. Tanderun lantarki yana karɓar gari ba sai an cura ba, amma yana bukatar wuta mai yawa wadda ba ta yankewa.

Ta uku, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce rashin daidaito. A kasuwar dutsen ado kusan kowane dutse mai tauri da yake ɗaukar sheƙi giranit ake ce masa. Waɗanda ake kira baƙin giranit galibinsu dangin basalti ne, garinsu ya kusa isa tanderu yadda yake. A wani gefen kuma akwai kwazayit, wanda Barazil ta yi suna da shi, shi kuwa kusan silika ce zalla. Masana'anta ɗaya tana iya yanka wannan yau, gobe ta yanka wancan, lakar duka ta gangara rami guda, ta haɗu da ruwan wurin goge fallaye mai ɗauke da danƙo da garin dutsen wāshi. Mai tanderu kuwa ba zai iya aiki da abin da yake sākewa kowace mota ba, domin in ma'aunin tsami ya goce, ko dai zaren ya yi kauri, ko ɗigon ya daskare ƙwaya-ƙwaya bai zama zare ba. Lakar da aka riga aka gauraya babu mai iya rarrabe ta. Ba a fafe gora ranar tafiya: in ana son lakar ta yi daraja, tilas kowane irin dutse ya sami magudanarsa da raminsa tun a masana'antar yanka, a riƙa auna abin da ke ciki, a rubuta.

Ta huɗu ita ce nisa da kasuwa. Mita ɗaya mai fuska shida ta basalti ta kusa tan 3, ta audugar rufi marar nauyi kuwa wajen kilo 30 ce. Watau mota ɗaya ta dutse tana iya zama kusan mota ɗari ta auduga. Wannan yana koya mana abu biyu. Tanderu ya fi son zama kusa da masu sayen auduga, ba lalle kusa da masu yankan dutse ba. Sa'an nan kuma, tun da dutse kaɗan yake ba da auduga mai yawa, wannan sana'a ita kaɗai ba za ta shanye lakar da babbar cibiyar yanka take zubarwa ba. Dole ta tafi tare da sauran hanyoyi, kamar sa lakar cikin jan bulo da tayil da kankare, waɗanda ba su bukatar zafin digiri 1,500.

8. Maganar lafiya

Mai karatu yana iya tambaya, shin ba a gudu daga wata cuta an faɗa wata ba? Tambayar tana kan hanya, musamman ga wanda ya san ɓarnar asbestos. Bambancin shi ne, zaren asbestos yana tsagewa a tsaye ya ƙara sirancewa, kuma yana daɗewa ƙwarai a huhu. Zaren audugar dutse gilashi ne, a gicciye yake karyewa, kuma ruwan jiki yana narka shi sannu a hankali. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, wadda take birnin Lyon na Faransa, ta sa shi cikin abubuwan da ake tuhuma a 1988. Da ta sāke duba hujjoji a 2001 sai ta fitar da shi daga wannan aji, ta mai da shi cikin waɗanda ba a yanke musu hukuncin jawo ciwon daji ba. Tarayyar Turai kuma ta kafa doka a 1997 wadda ta bambanta zaren da yake saurin narkewa a huhu da wanda ba ya yi.

Saurin narkewar nan kuwa ya dogara ne ga sinadaran zaren, musamman yawan alumina da silika. Ashe maganar ta sāke komowa kan sanin abin da aka zuba a tanderu. Ban da wannan, audugar tana sa ƙaiƙayi a fata da ido da maƙogwaro, saboda haka mai aiki da ita ya sa safar hannu da tabarau da abin rufe hanci.

Kammalawa

Mun ga cewa rubu'in kowane curin dutse yakan zama laka, mun ga kuma garin giranit da na mabul, waɗanda kowannensu shi kaɗai ba ya kaɗuwa, in an haɗa su bisa lissafi suna ba da abin da basalti yake bayarwa. Wannan ɓangare na ilmin ya tabbata. Abin da ya rage aikin tsari ne: a busar, a cura, a kai kusa, kuma gaba da kome a rarrabe. Matakin da ya fi arha cikinsu, watau raba magudanar ruwa a gindin zarto, shi ne wanda sauran duka suka dogara a kansa, kuma yana hannun mai yankan dutse, ba ya hannun mai tanderu.

Ga malaman kwalejojin horon malamai, wannan batu yana da amfani ta fuska biyu. Yana haɗa darasin duwatsu da na zafi da na lissafin kashi cikin ɗari a misali guda. Yana kuma nuna cewa Hausa tana da kalmomin da za su ɗauki irin wannan bayani, daga kashin maƙera har zuwa kaɗi da shiɓa, muddin an zaɓe su da lura, an kuma kiyaye irin tarkon da yake cikin kalmar marmara. Muna fata waɗanda suka gwada waɗannan kalmomi a aji za su sanar da Sashe waɗanda ɗalibai suka karɓa da waɗanda suka ƙi zama a bakinsu, domin a gyara.